Madam Asmaou Mai Haruffan Kwali

Duk wanda ya zauna a unguwar Manshiya a shekarun da rediyon Sabha ba shi da zance sai na haɗin kan Afirka, ya san Madam Asmaou ko da bai san sunanta ba. Ita ce doguwar matar nan mai tabarau ɗaure da zare, wadda kan bi bayan shaguna da rana tsaka tana tsintar kwalaye. Ni da farko na ɗauka hura wuta take yi da su. Har tausayinta nakan ji, ni da ba wanda ya roƙe ni.

Sunana Attahirou, mutumin Tasawa, aikina gyaran wayar mota. Shekara takwas na yi a garejin wani Balibiye mai suna Hamed. Lokacin an buɗe mana ƙofa, ana ce da mu 'yan uwa a rediyo, ko da yake a bakin shingen 'yan sanda zumuncin kan ɗan yi sanyi. Ban yi boko ba. Allo na yi, kuma ko shi ban yi nisa ba, amma a kan wayar mota ba na jin kunyar kowa.

Madam Asmaou mutuniyar Damagaram ce. Shekara goma sha huɗu ta yi tana koyarwa a irin lakwal ɗin nan da ake fara wa yara karatu da Hausa kafin a kai su ga Faransanci. Da aka shiga shekarun yajin aiki, makarantu suka fi zama a rufe, sai ta biyo mijinta Hassoumi, direban babbar mota tsakanin Agadas da Sabha. Shekararta uku da zuwa ya rasu. Kowa ya ce ta koma gida, ta ce za ta koma, kuma tana nan tana cewa za ta koma har ta ƙara shekara shida. Da safe girki take yi a gidan wata tsohuwa, Hajja Fatma. Bayan la'asar kuwa sai ta shimfiɗa tabarma biyu a tsakar gidan hayar da take, yaran 'yan ci-rani su zagaye ta.

Kwalayen nan haruffa take yankewa daga jikinsu. A Sabha ta wancan lokaci duk rubutun da ke bango da ƙofar shago na Larabci ne, yaro zai yi wata bai ga harafin boko ba, sai dai a jikin kayan da aka shigo da su daga waje. To ita ta gano inda haruffan suka ɓuya. Kwalin taliya, kwalin madara, kwalin batir, duk ta bi su da almakashi. Tana da gwangwanin alawa cike da su, manya da ƙanana, ja da shuɗi da baƙi, ba biyu masu kama ɗaya.

Yadda aka yi na san duk wannan kuwa, ta dalilin 'yata ce, Safiya, wadda a takarda aka rubuta mata Safiatou. Ita ce ta ukunmu, mun zo da ita tana goye. Takardunmu ba su cika ba, saboda haka makarantar gwamnati ba ta karɓe ta ba, sai ta allo kawai take zuwa, har ta kai shekara tara. A watan Yuni na shekarar dubu biyu wasiƙar yayana ta iso daga Tasawa. Ya yi magana da direktan wata lakwal ta can. Direkta ya ce yarinya ta girmi aji ɗaya, ba zai sa ta cikin 'yan shekara shida ba. Amma idan ta zo ranar buɗe makaranta a watan Oktoba ta iya karatu, zai sa ta aji biyu. Idan ba ta iya ba, to sai haƙuri, babu gurbi.

Ni dariya na yi da aka karanta mini, don a sanina Safiya ta riga ta iya karatu. Tana da littafi guda mai hotuna da wani direba ya kawo mata daga Agadas. Wani baƙo mai suna Mounkaila, wanda ya yi wata biyu a gidanmu kafin ya wuce arewa, shi ya yi ta karanta mata. Tun daga nan yarinya ta riƙe littafin nan. Duk ranar Alhamis da yamma nakan ɗora ta a kan tsohuwar taya a gareji, ta buɗe, ta sa yatsa, ta yi ta zubo shi kamar ruwan famfo. Direbobi su yi ta sa albarka, Hamed ya ba ta alawa yana cewa "bahi, bahi", wato madalla, ni kuwa kaina ya yi ta kumbura.

Wata Alhamis Madam Asmaou ta shigo neman kwalaye ta tarar da mu a haka. Ta tsaya ta saurara har aka gama. Sannan ta tsuguna gaban yarinyar, ta ɗauki guntun kwali, ta ciro biro daga ɗankwalinta ta rubuta wani abu gajere.

"Ɗiyata, karanta min wannan."

Safiya ta dubi kwalin, ta dube ni. Ta sake duban kwalin, ta sake dubana.

"Rago ne na rubuta," in ji Madam a hankali. "Sau huɗu kika faɗe shi yanzu a cikin littafinki." Ta miƙe ta juyo gare ni. "Malam Attahirou, ɗiyarka tana da kai, Allah ya raya ta. Amma ba karatu take ba, hadda ce. Hoton take kallo ta tuno."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A gaban mutane, a wurin aikina, mai tsintar kwali ta zo ta kwance mini zani a kasuwa. Na ce mata rubutunta ne bai fita ba. Ba ta yi musu ba, ta kwashi kwalayenta ta tafi. Matata Ramatou ce, da ta ji labari, ta ce ba a fafe gora ranar tafiya, in akwai gyara gara a yi shi tun yanzu. Washegari ta kama hannun yarinyar ta kai ta wurin Madam, ba ta ko jira na gama fushina ba.

Na zaci za a ba ta sabon littafi. Ina. Mako biyu cur Safiya ba ta taɓa takarda ba, ƙwallon dabino aka ba ta. Madam za ta faɗi kalma, a ce "kifi", sai yaro ya ja ta a baki a hankali, duk sautin da ya ji ya tura ƙwallo ɗaya gaba. Kifi ƙwallo huɗu. Wai kunne ne ke fara karatu kafin ido, yaron da bai ji cewa kalma guntu-guntu ce a baki ba, ba zai gane dalilin da ya sa take guntu-guntu a takarda ba. Haka Safiya ta dawo gida tana yanka sunan kowane abu. Tukunya ba ta tsira ba, buta ba ta tsira ba, har ni ubanta sai da aka ƙirga ni da ƙwallon dabino.

Sai a mako na uku aka buɗe gwangwani. Nan ma ba ta koya musu sunan harafi, kukansa take koya musu, wato abin da yake faɗa idan an taɓa shi. Harafi ɗaya za ta fito da shi kala biyar, na kwalin madara da na kwalin batir, babba da ƙarami, don kada yaro ya riƙe launi ya saki siffa. Daga nan ta ajiye baƙi a wannan gefen tabarma, wasali a wancan, tana matso da su da yatsa, yara suna jan sautin, har su haɗu su zama gaɓa ɗaya. Yaranmu kuma suna da wata matsala tasu ta kansu. Da yake a allo da bangon gari duk daga dama ake farawa, sai su kamo kalmar boko ta wutsiya. Madam ba ta yi wa kowa tsawa a kan haka ba, murfin kwalba take ajiyewa a hagu ta ce nan ce tasha, daga nan mota ke tashi.

Duk wannan na daure. Abin da ya ƙure ni shi ne ranar da na biyo ta ƙofar gidan na ji muryar 'yata tana cewa, "Ke... zu. Kezu. Lo... mi. Lomi. Re... bu." Na tsaya na kasa kunne. Ba Hausa ba ce, ba Larabci ba, ba Zabarmanci ba. Wani maƙwabci da ke zaune a dakali ya ce, "Attahirou, an ce ɗiyarka ta fara yaren aljanu." Aka kwashe da dariya. Saura wata biyu mu kama hanya, yarinyar da ke zubo shafi guda ba numfashi yanzu ta koma tana in'ina a kan shirme.

Na faɗa gidan ko sallamar kirki ban yi ba. Na ce, "Madam, mi ne ne kezu?"

"Ba komi ba ne. Ni na ƙaga shi."

"Lomi fa?"

"Shi ma."

"To ni na kawo ɗiyata a koya mata karatu, ba a maida ta taɓaɓɓa ba." Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita su a nan ba, har da cewa da koyarwarta ta kirki ce da ba a same ta tana bin bola a ƙasar mutane ba. Na ja hannun Safiya muka fita. Na dai ga Madam ta cire tabarau tana goge shi da bakin zane.

Kwana tara yarinyar tana gida. Ranar Alhamis na ce ta ɗauko littafinta mu tafi gareji, a wanke wannan abin kunya. Ta ce cikinta ke ciwo. Alhamis ta zagayo, ta sake cewa cikinta. Na ɗaga murya, sai ta fashe da kuka ta shige bayan uwarta. Daga can ta yi maganar, ba ta yarda mun haɗa ido ba.

"Baba, ban iya ba. Tun da can na san ban iya ba. Kullum in ka ɗora ni bisa taya tsoro nike ji kada wani ya kawo wani littafi."

Na rasa inda zan sa kaina. Shekara guda yarinya 'yar tara tana ɗauke da wannan tsoro ita kaɗai, don kada ubanta ya ji kunya a gaban direbobi. Ni kuwa ina can ina karɓar barka. Ban taɓa jin na raina kaina kamar ranar ba.

Ba da haƙuri ba ya cikin abubuwan da na iya, saboda haka na bi ta hanyar da na sani. Na tattara duk kwalayen filta da na fulogi da ke garejin Hamed, na ɗaure su da waya, na ɗora a kai kamar mai tallan itace, Safiya na biye da ni. Madam ta dubi kayan, ta dube ni.

"An zo bin bola ke nan?"

Na ce a yi haƙuri, bakina ne ya fi ni gudu.

"Zauna, Baban Safiya." Ta tura mini kujera 'yar tsuguno. "In an kawo maka irin motar da ka saba, ka san inda kowace waya ta nufa ko idonka a rufe. In an kawo wadda ba ka taɓa gani ba fa?"

Na ce sai in ɗauki fitilar gwaji in bi waya ɗaya-ɗaya har in ga inda ta ƙare.

"To kezu ita ce motar da ba ta taɓa gani ba. In na ba ta rago, ban sani ba ko ta bi waya ko ta tuno. In na ba ta kezu, ba ta da wurin ɓuya. Direktan nan naku ba littafinta zai ba ta ba."

Wannan bayani sau ɗaya ta yi mini shi, ba ta ƙara ba, kuma ba ta sake tayar da maganar da na faɗa mata ba. Na sha ganin masu ilimi, amma ban taɓa ganin wanda ya san aikinsa kamar matar nan ba, kuma ban ga mai haƙurinta ba. Yaro zai maƙale a gaɓa ɗaya, uwar da ke kallo ta ƙagu har ta buɗe baki za ta faɗa masa, sai Madam ta ɗaga mata yatsa. A wurinta babban laifi shi ne ka ƙwace wa yaro kalmar da ya kusa kamawa. Tana iya jira har shayin da ke gabanta ya huce, idonta a kan yatsan yaron, bakinta na motsi ba sauti kamar ita ce ke koyo.

Kwana taran da na ɓata sai da muka biya su. Ta ƙara wa Safiya zama bayan sallar asuba, kafin ta tafi gidan Hajja Fatma. A watan Agusta, zafin Sabha na dafa mutum a tsaye, yarinya ta fara haɗa kalma uku, huɗu. Madam ta koma rubuta mata gajerun zantuka a bayan kwali, kullum sabo, wanda aka karanta jiya ba ya dawowa. A makon ƙarshe ta nuna mata yadda ake rubuta sunayen mutanenmu a takardun hukuma da salon Faransanci, inda haruffa biyu kan taru su yi kuka ɗaya. Har muka tashi karatun Safiya bai yi sauri ba. Tafiya take kamar mai tsallaka kwata da tulu a kai, kuma hakan ya dame ni.

Ranar da za mu hau mota na tambayi Madam ko tana ganin za a dace. Ta ce ita ba boka ba ce. Ta kama kafaɗun yarinyar ta ce, "Kada ki yi gaggawa don wani ya ƙagu." Iyakar sallamar ke nan. Bayan shekara biyu ita ma ta koma Damagaram, ban kuma sake ganinta ba, sai gaisuwa da nakan aika ta bakin direbobi.

Kwana goma sha ɗaya muka yi a hanya, ta Gatrun da Dirku da Agadas, a saman kayan babbar mota. Muka isa Tasawa saura kwana uku a buɗe makaranta.

Direktan gajere ne mai saurin magana, ranar buɗe makarantar kuma iyaye sun yi masa yawa. Ya ja mu zuwa aji biyu, inda yara ke zaune suna jiran malaminsu. Ya nemi littafin karatu, aka ce suna cikin kabad, mabuɗin kuma yana hannun malamin da bai iso ba. Ya yi tsaki, ya duba agogo, sai ya jawo rajistar ajin daga kan tebur ya buɗe ya miƙa wa Safiya.

"Kira min sunayen nan."

Babu hoto, babu labari, sunayen yaran da ba ta taɓa gani ba ne, cikin rubutun hannun wani. Na tsaya a bakin ƙofa, hulata a hannu. Ta ɗora yatsa a gefen hagu. Wani yaro ya yi tari.

"Ab... dou. Abdou. Is... sa... ka."

Can baya wani yaro mai faɗin kunne ya miƙe. "Ga ni."

Ni da ban san ko harafi ɗaya a takardar ba, na ga abin da ya faru da idona. Ta kira, mutum ya tashi. Ta sauko layi na biyu. "Bal... kis... sa." Wata yarinya ta miƙe. A na huɗu ta yi tuntuɓe, ta faɗi abin da ba sunan kowa ba, ba wanda ya motsa. Direkta ya buɗe baki, ni ma na buɗe nawa, ko me zan ce oho. Ita kuwa ba ta dubi kowa ba, ta mayar da yatsa farkon layin ta sake bi a hankali. "Chai... bou." Wani dogo ya tashi yana murmushi.

Ina jin suna biyar direkta ya yi niyyar ji. Amma bai tsayar da ita ba. Ya jingina da tebur ya harɗe hannu, ya manta da agogonsa, iyayen da ke jira a waje suka matso taga. Yara arba'in da uku ne a rajistar. Tana kira suna tashi, tana kira suna tashi, har ajin duka ya miƙe tsaye, gumi na bin wuyanta, ni kuma rigata ta jiƙe sharkaf.

Da ta kai ƙarshe, direkta ya karɓi rajistar, ya ciro biro ya yi rubutu a ƙasan shafin, ya mayar mata.

"Saura ɗaya."

Ta ɗora yatsa. "Sa... fi... a... tou. At... ta... hi... rou." Ta ɗago kai tana duban ajin, tana jiran wanda zai amsa. Ba wanda ya amsa. Wata yarinya a bencin gaba ta rufe baki tana dariya.

"Wannan ba ta zo ba ne?" in ji direkta.

Safiya ta sake duban takardar. Na ga leɓenta sun bi layin tun daga farko, wannan karon ba tsayawa. Sannan ta ce, da 'yar ƙaramar murya, "Ga ni."

Hawaye suka zubo mini a gaban yara arba'in da uku, ban kuma damu in share ba. Direkta ya nuna mata benci na uku kusa da taga. Ta tafi ta zauna, ko waiwayo ni ba ta yi ba.